Dalar Gyada da Ƙuntataccen Mashigi

Da wuya a sami wanda ya tashi a ƙasar Hausa bai taɓa ganin hoton dalar gyadar Kano ba, ko a littafin makaranta, ko a jikin kalanda, ko kuwa rataye a bangon wani ofishi. Kuma bisa al'ada duk sa'ad da aka nuna wa yaro ita, akan ce masa ga shaidar arzikin da kakanninsa suka yi a zamanin da noma yake da daraja, manomi kuma yake da ƙima a idon hukuma. Wannan magana gaskiya ce, ba ni da ja a kanta. Sai dai ɗalibin da ya zaɓi fannin kasuwanci, wanda ake fata gobe a danƙa masa amanar masana'anta ko kanti ko kwangila, ya kamata ya tsaya gaban hoton nan ya yi wata tambaya wadda ba a faye yin ta ba, wato: me ya tsai da dubban buhunan nan a fili rana tana dukansu, alhali kuwa masu sayensu suna can Ingila da kuɗi a hannu suna ɗokin isowarsu?

Jawabin yana cikin tarihin jirgin ƙasa. Hanyar dogo ta iso Kano a 1911, aka buɗe ta ga 'yan kasuwa a 1912, Turawa suna tsammanin auduga ce za ta cika taragu, sai manoma suka yi nasu lissafin suka ga gyada ta fi riba, suka duƙufa a kanta, attajirai irin su Alhassan Ɗantata kuma suka baza yaransu ƙauyuka suna saye. To, ita gyada cikin 'yan watanni kaɗan ake cire ta bayan damina, ta taru a Kano kusan lokaci guda, shi kuwa jirgi ba shi da ikon kwashe ta sai sannu a hankali cikin shekara, domin tsakanin Kano da tashar jiragen ruwa ta Ikko akwai tafiyar mil wajen 700. Saboda haka jera buhuna a yi dala a lulluɓe da tamfol dabara ce mai kyau ta ajiya a gari mai busasshiyar iska, ba abin zargi ba ce a kan kanta. Illar ta bayyana ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da kawunan jirgi da taragu suka tsufa, sababbi kuma suka yi wuyar samu, har ya zama gyadar bana takan tarar da ta bara ba ta tafi ba, ƙwaro ya shiga cikin buhuna, 'yan majalisar Ingila suka yi ta tsare ministocinsu da tambaya a kan gyadar Kano, a daidai lokacin da ake raba wa mutanen ƙasarsu man girki da awo. Ashe ke nan tsawon dala abu biyu yake aunawa a lokaci guda, ƙoƙarin manomi da gazawar jirgi.

Wannan mas'ala ita ce ƙofar ilmin da nake so in yi wa ɗalibai muƙaddimarsa, ilmin da ake karantarwa a sashen kasuwanci na jami'o'i da kwalejoji, wanda kuma na lura ɗalibai sun fi raina shi a kan sauran darussa, domin ba shi da ƙyalƙyalin darasin talla, ba shi kuma da kwarjinin darasin banki da hannun jari. Malamansa sun kasa shi gida biyu. Kashi na farko shi ne tafiyar da aiki mai maimaituwa, irin wanda ake yi yau a sake gobe ba ranar gamawa, kamar gashin burodi, ko casar shinkafa, ko karɓar majinyata a asibiti. Na biyu shi ne gudanar da aiki mai wa'adi, wanda yake da ranar farawa da ranar ƙarewa, kuma ba a taɓa yin irinsa sak ba, kamar gina gada ko kafa masana'anta. Littattafan fannin cike suke da jadawali da alƙaluma masu firgita mafari, amma a iya nazarina mafi yawansu hidima suke yi wa tambaya guda, wato ina ne mashigin da ya fi ƙunci, wanda tilas kowane kaya sai ya bi ta cikinsa. Duk wanda ya taɓa ganin ranar kasuwa a gari mai ganuwa ya san cewa komai faɗin hanyar da ke waje, komai yalwar filin da ke ciki, yawan jakunan da za su shiga kafin azahar faɗin ƙofa ne yake yanke shi.

Na ga haƙiƙanin wannan da idona a gidan burodin wani dattijo abokin mahaifina. Masu sari sun daɗe suna yi masa ƙorafi a kan sukan zo da asuba su tarar burodi bai isa ba, sai ya ci bashi ya sayo sabon injin kwaɓa fulawa, babba, wanda maƙwabta suka yi ta zuwa kallo. Bayan wata biyu ya kira ni ya ce, "Ɗana, ku da kuka yi boko, zo ka duba mini, na kashe kuɗi amma burodin bai ƙaru ko da gwangwani ɗaya ba." Na kwana guda a wurin ina zaune a kan buhun fulawa da agogo a hannu. Abin da na gani shi ne kwaɓi jibge a cikin manyan robobi, yis ya ci ƙarfinsa, ya kumbura ya wuce misali har ya fara tsami, ga kuma tanderu da wutarsa tana ci amma cikinsa fayau. Dalili kuwa gwangwanayen gidan kashi ɗaya ne tak: in an fito da gashi sai an jira sun huce, a zazzage burodin, a shafa musu mai, a yanka kwaɓi a zuba, a jira ya tashi, sa'an nan a mayar. Duk tsawon wannan hidima itace yana ƙonewa a banza. Na ce masa, "Baba, injinka ba shi da laifi, amma ba shi ne yake riƙe da kai ba. Tanderun nan shi ne ƙofar garinka, ga shi kuwa ya fi rabin dare yana jiran gwangwani." Wani masanin kimiyya ɗan Isra'ila mai suna Eliyahu Goldratt ya gina littafi sukutum a kan wannan ma'ana a 1984, inda ya nuna cewa ƙara ƙarfi a wurin da ba shi ne ƙuntataccen mashigi ba babu abin da yake haifarwa face tarin kaya a bakin mashigin. Kwaɓin dattijon nan dai dalar gyada ce, a cikin roba.

Asalin mai da wannan sha'ani ilmi da ake rubutawa daga Amurka yake. Frederick Taylor, wanda ya fitar da littafinsa a 1911, ya shahara da tsayawa a kan lebura da agogo yana ƙidaya motsinsa, kuma bisa ga ruwayarsa ya sa mai lodin ƙarfe a kamfanin Bethlehem ya tashi daga tan 12 da rabi a yini zuwa tan 47, ladansa kuma ya tashi daga dala 1.15 zuwa dala 1.85. Masu tarihi sun yi shakkar sahihancin labarin, amma ko da an karɓe shi yadda ya faɗa, mai hankali zai lura aiki ya ninka kusan sau huɗu, lada kuwa ko ninki biyu bai yi ba, abin da ya sa ma'aikata suka ƙi jinin mai agogo tun daga wancan zamani. Henry Ford kuma a 1913 ya sa mota ta riƙa tafiya a kan layi tana iske ma'aikaci a inda yake tsaye, maimakon shi ya bi ta, sai haɗa gindin mota ya sauko daga sa'a 12 da wani abu zuwa kimanin sa'a ɗaya da rabi. Amma aikin ya zama mai gundura har mutane suka riƙa gudu, sai da ya ɗaga lada zuwa dala 5 a yini a farkon 1914 kafin su zauna.

Waɗanda suka fi burge ni a wannan babi su ne mutanen kamfanin Toyota na Japan, domin su talauci ne ya koya musu hikima. Bayan yaƙi ba su da jarin da za su tara kaya a sito kamar yadda Amurkawa suke yi, sai wani injiniyansu, Taiichi Ohno, ya juya tartibin aikin: maimakon kowane sashe ya yi iyakar abin da zai iya ya tura gaba, sai ya zama ba wanda zai ƙera komai sai sashen da ke gabansa ya aiko da ɗan kati yana nema, kuma gwargwadon abin da aka nema kaɗai za a yi. Ya lissafa nau'o'in almubazzaranci guda bakwai a masana'anta, ya sa yin abin da ya wuce bukata a kan gaba, domin shi ne yake ɓoye sauran. Sa'an nan aka rataya igiya a gefen layi, aka ba wa ƙaramin ma'aikaci izinin ya ja ta in ya ga aibi, ko da hakan zai kai ga tsai da aiki duka, saboda gyara kuskure a inda aka yi shi ya fi sauƙi a kan kwance mota bayan an gama ta. Wannan izini shi ne abin da ya fi wuyar kwaikwayo, don kuwa igiya ana sayenta a kasuwa, amma maigidan da zai jure yaronsa ya tsai da aiki ya ce masa ga kuskure, bai kuma hukunta shi ba, ba a kowane gida ake samunsa ba.

Amma fa kada ɗalibi ya haddace wannan ya ɗauka ajiya haramun ce. Tsarin Toyota ya ginu ne a kan hanya mai kyau, da wuta da ba ta yankewa, da masu kawo kaya da ba su saɓa alkawari. Su kansu da girgizar ƙasa ta auka wa Japan a 2011 aikinsu ya tsaya saboda rashin ƙananan kayan haɗi. Wanda yake casar shinkafa a inda ake girbi sau ɗaya ko biyu a shekara, ko yake jiran tirela daga Ikko a tsakiyar damina, lalle ne ya cika rumbunsa, kuma ƙissar Annabi Yusufu, alaihis salamu, da shekarun yalwa bakwai da na fari bakwai ta ishe mu hujja a kan cewa tanadi hikima ne. Abin tambaya kullum shi ne nawa za a ajiye, kuma saboda tsoron me, domin kowane buhu da ke kwance a sito kuɗi ne da aka ɗaure, yana kuma cin kuɗin haya da na mai gadi, ɓera da gara suna karɓar nasu rabo.

Ban san misalin da ya fi fito da illar ƙuntataccen mashigi fili ba kamar abin da ya faru a Ikko a 1975. Kuɗin man fetur ya shigo, gwamnati tana son gine-gine, sai ma'aikatu, musamman ta tsaro, suka ba da odar siminti wajen tan miliyan 20 a kawo cikin shekara guda, alhali tashar jiragen ruwa ba ta iya sauke abin da ya wuce kimanin tan miliyan ɗaya na siminti a shekara. Jirage fiye da 400 suka yi jerin gwano a teku wata da watanni, kowanne ana biyansa kuɗin jira kullum, simintin wasu ya sha danshi ya daskare a cikinsu, sauran kayan masarufi kuma suka rasa hanyar shigowa. Kuɗin saye akwai, masu sayarwa akwai, bukatar ma akwai. Abin da ba a yi ba shi ne wani ya ɗauki alƙalami ya raba miliyan 20 da miliyan ɗaya kafin a sa hannu. Sai bayan haka aka gina sabuwar tasha ta Tin Can, aka buɗe ta a 1977.

Mu koma ga kashi na biyu, aiki mai wa'adi. Kakanninmu fatake sun san shi tun ba a ba shi suna ba, domin ayarin da zai tashi daga Kano zuwa Gwanja ya kai kanwa da tufafi ya komo da goro yana da farko da ƙarshe, yana da madugu da jagaba da uban dawaki kowa da haƙƙinsa, yana da zango-zango da aka sani, da kuɗin fito a bakin Kwara, da gaisuwar sarakunan hanya. Kuma goro ba ya jira, in aka yi jinkiri ko aka yi sakaci da yayyafa wa huhu ruwa, ribar wata da watanni ta tafi. Malaman fiƙihu ma, a babin cinikin salam, wanda ake biyan kuɗi a gaba a karɓi kaya daga baya, sun shar'anta a san siffar kayan da awonsu, a san farashi, a kuma yanka ajali sananne, domin toshe ƙofar husuma. Waɗannan ukun su ne ginshiƙan da littattafan zamani suke kafa kowace kwangila a kansu: me za a yi, da nawa, zuwa yaushe. Ba a taɓa ɗaya sauran biyun su zauna lafiya. Mai gini da ya zo a tsakiyar aiki ya ce a ƙara masa bene, amma kada kuɗi ya ƙaru kada kuma rana ta matsa, yana neman abin da ba ya yiwuwa ne, ɗan kwangilar da ya amsa masa da "to" kuwa ya riga ya ƙudurta zai rage siminti.

Kayan aikin wannan kashi ba su da yawa. Akwai jadawalin da ake jingina wa Henry Gantt, abokin aikin Taylor, inda ake jera ayyuka a gefe, kwanaki a sama, a ja wa kowane aiki layi gwargwadon tsawonsa. Akwai kuma dabarar da kamfanin DuPont ya fito da ita a 1957, wadda ita ce zuciyar al'amarin, ga kuma yadda take. Mu ƙaddara mutum yana son ya gama shago kafin ruwa ya sauka. Tushe zai ci kwana 7, ginin bulo kwana 14, ɗora katako da kwano kwana 5, yaɓe kwana 6, kuma ba ɗayansu da zai fara sai na gabansa ya ƙare. Jimla kwana 32. Ƙofofi da tagogi kuwa mai walda zai yi su cikin kwana 10, ba a bukatarsu sai ranar da za a fara yaɓe, wato bayan kwana 26, saboda haka yana da rarar kwana 16. In mai walda ya makara da mako guda ba abin da ya faru. In motar bulo ta makara da yini ɗaya, shagon duka ya makara da yini ɗaya. Wannan sarƙa ta ayyukan da ba su da rara ita ce ƙuntataccen mashigin aiki mai wa'adi, kuma sau nawa na ga mai gini ya wuni a bakin shagon mai walda yana faɗa, birkila da leburorinsa suna can zaune a inuwa babu yashi. A 1958 sojojin ruwan Amurka, cikin aikin makamin Polaris, suka ƙara wani abu mai amfani, wato a nemi ƙiyasi uku ga kowane aiki: in an yi sa'a, in abu ya tafi yadda aka saba, da in an gamu da tsautsayi. Galibin masu ba da wa'adi na farkon kaɗai suke faɗa, su rufe da in sha Allahu. Faɗin haka ladabi ne da ya wajaba a kan Musulmi, amma bai ɗauke wa kowa nauyin lissafi ba.

Kada a zaci wannan ciwo namu ne mu kaɗai. Shahararren gidan wasan nan na birnin Sidni a Ostareliya an fara shi a 1959 tun ba a gama zanensa ba, saboda mahukunta suna gaggawar a ga an soma kafin ra'ayi ya juya. Aka ƙiyasta dalar ƙasar miliyan 7, a gama a 1963. Da aka zo ɗora rufi sai aka tarar ginshiƙan da aka riga aka kafa ba za su iya ɗaukarsa ba, aka sake su, mai zanen, Jørn Utzon ɗan ƙasar Denmak, ya yi fushi ya bar aikin a 1966, ba a buɗe gidan ba sai 1973, bayan ya ci miliyan 102.

Namu misalin ya fi wannan ɗaci, domin su ko ba komai sun sami gidansu. An ƙulla kwangilar masana'antar ƙarfe ta Ajakuta da wani kamfanin Tarayyar Sobiyat a 1979, kuma an sha faɗa cewa zuwa 1994 an gama kashi 98 cikin ɗari. Ɗalibi ya yi hattara da irin wannan adadi, domin yana ƙidaya abin da aka gina ne, ba ya faɗin ko abin da ya rage shi ne wanda komai ya rataya a kansa. Babbar tukunyar narka tama in an hura ta ba a kashe ta sai bayan shekaru, saboda haka ba a kunna ta sai an tabbata tama da gawayin kwal da farar ƙasa za su riƙa isowa dare da rana ba yankewa. Hanyar dogon da za ta haɗa ma'adinan Itakpe da Ajakuta da Warri kuwa, wadda aka fara a 1987, ba a ƙaddamar da ita cikakkiya ba sai 2020. Tukunyar har yanzu ba a taɓa hura ta ba.

Shi kuwa dattijon nan mai burodi, bai yarda da maganata nan take ba, don yana ganin abin kunya ne a ce maganin matsalar da ya ci bashi dominta gwangwani ne. Sai da ya yi kusan rabin shekara sa'an nan ya sa maƙera suka buga masa kashi na biyu da na uku, ya zama ana fito da gashi ana tura wani, ya kuma raba wa masu tanderu lokacin cin abinci don kada su tashi gaba ɗaya. Da na koma gaishe shi bayan sallar layya, na tarar da robobin kwaɓi babu komai a cikinsu, amma zauren gidan cike yake da burodi a leda, an jera shi tun daga ƙasa har kusa da silin, yara suna raɓawa ta gefe kafin su wuce. Ya kama hannuna ya kai ni ƙofar gida, ya nuna mini babura uku da suke kai wa masu shayi da kantuna, ɗaya ma an cire masa ƙafar baya an jingine shi da bango, ya ce, "To, ɗana, ga shi tanderu ya daina jira. Yanzu kuma waɗannan za ka zauna ka duba mini."